Kan Tunkiyata a Cikin Daro

Shekarar da aka kawo ni koyarwa Dakoro, na kama ɗaki a wani gidan haya mai ɗakuna biyar, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ɗakin da ke jikin nawa na wani mahauci ne da matarsa. Tun farko na lura ba a mayanka yake yanka ba. Da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa ɗaki, amalanke ke shigowa da awaki ɗaure ƙarƙashin tabarma. A bayan makewayi yake yanka su, matar ta babbake kawuna. Duk gidan mun san akwai magana, amma muka yi shiru, don kowa na samun ƴar tsoka. Ni ma na ci.

Ina da farar tunkiya da mahaifiyata ta aiko mini daga Korahane kafin ta rasu. Da hannunta ta tsaga mata kunnen hagu gida biyu. Wata rana na dawo daga lakkwal, makarantar da nake koyarwa, na tarar da igiya kawai a turke. Na zagaya unguwa har ƙafafuna suka kumbura. Washegari na fito ɗibar ruwa, sai ga kanta cikin daron matar mahaucin.

Na tambaye ta inda suka samo shi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malama, tunkiyarki kaɗai ke da kunne a ƙasar nan?"

Ta tura kan cikin wuta ina tsaye. Sauran matan suka sunkuyar da kai.

Ban sake tada maganar ba. Na ci gaba da gaishe su safe da yamma, har ina tambayar lafiyar maigida. Amma duk kan da ya shiga daron nan sai na dubi yankan kunnensa, in koma ɗaki in zana a bayan littafin darasi. Sati uku ina haka, kuma ko sau ɗaya zuciyata ba ta yi sanyi ba.

Ranar kasuwa na shiga kara, inda ake sayar da dabbobi, ina nuna wa makiyaya zanen. Wani dattijo daga Azagor ya daɗe yana kallon ɗaya, ya ce shaidar gidansu ce tun kakansa, kuma awakinsa sun yi ta ɓacewa. Ya so mu tafi wurin mahaucin nan take. Na ce ya yi haƙuri, da rai nake so a sami awakin.

Kwana huɗu ya zauna a garin. Ranar da amalanke ta shigo na kira shi a waya, ya zo da jandarmomi biyu. Awaki uku masu shaidarsa na kwance a ɗaure. Na fito da kujerata, na zauna bakin ƙofa, na kalli yadda aka fita da mahaucin, jini bai bushe a hannunsa ba.

Da la'asar matar ta shigo ɗakina ta durƙusa. Ta ce in dubi Allah, in ce na ga lokacin da ya saye su.

"Zan je in yi shaida," na ce mata. "Abin da na gani zan faɗa."

Na je, na faɗa, ban rage komai ba. Aka ɗaure shi. Matar ta kwashe kayanta ta koma gidansu, ban ɗaga mata ko tukunya ba. Biyu daga cikin maƙwabtana suka daina amsa gaisuwata, wai na raba mata da mijinta. Haka muka zauna har aka canza mini wurin aiki.