Neman Kawu Garba Gola a Jidda

Malumfashi zuwa Kano

Ana kiran assalatu na bar gida, ranar wata Talata a watan Rajab na shekarar da aka canja mana kuɗi zuwa naira. Ana ɗan yayyafi. Inna ta rako ni har zaure riƙe da fitilar ƙwai, ba ta yi mini doguwar nasiha ba. Cewa kawai ta yi, "In ka same shi da rai, ka faɗa masa abin da na faɗa maka, kada ka rage, kada ka ƙara."

Wanda take nufi yayanta ne, Kawu Garba, wanda ban taɓa gani ba. Tun Inna tana yarinya kakanmu Malam ya kwashi iyalinsa suka nufi Makka a ƙasa. Sun yi shekaru a ƙasar Sudan suna aikin auduga suna tara guzuri. A can Kawu ya samu aikin lebura a tashar jirgin ƙasa, ya kuma koyi ƙwallo har ya yi suna a tsaron gida. Suka rabu da shi a bakin teku saboda wani wasan ƙwallo, tun kafin yaƙin duniya na biyu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai bara wani maƙwabcinmu ya dawo daga Hajji ya ce ya ga wani tsoho a Jidda mai aska irin ta gidanmu, ana ce masa Garba Gola. Ni malamin makarantar firamare ne, hutu ya zo, na yi niyyar Umra, na haɗa biyu.

Motar Kano ta cika da wuri. Muka bi ta Dayi da Gwarzo, inda 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya ga jakata sabuwa ya ce, "Malam, ina zuwa?" Na ce Makka. Ya buga bayan mota ya ce wa direba, "Wuce. A sa mu a addu'a." Na kwana a Fagge gidan wani abokina da muka yi kwaleji tare, matarsa ta yi mini dambun nama na hanya.

Kano zuwa Jidda

Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Da ya ɗaga sai na riƙe hannun kujera, dattijon da ke kusa da ni, wani ɗan kasuwar goro, ya ce, "Saki, ɗana, ba ita ke riƙe da kai ba." Muka sauka Khartum shan mai. Ta taga na hango kogi da jan ƙasa, na ce a raina ashe nan ne garin da aka yi wasan da ya raba Inna da ɗan'uwanta. Abin da suka taka a ƙafa shekara da shekaru, ga shi na ƙetare shi tsakanin karin kumallo da azahar.

A nan muka ɗaura harami. Da aka buɗe ƙofar jirgi a Jidda, zafi ya tare ni kamar an buɗe tukunyar da ke tafasa, iskar ma jiƙe take. Aka duba fasfo da katin allura, muka hau motar Makka. Akwai shingen bincike a hanya, suka duba takardunmu suka ce "Yalla," wato mu wuce. Ba zan iya kwatanta muku ganin Ɗakin Allah ba, kuma ba shi ne labarin da na zo da shi ba. Na yi Umrata, na roƙi abu ɗaya fiye da komai, na komo Jidda.

Nuzla

Na kama ɗaki a wani masauki kusa da tsohon gari, gado da fanka, riyal biyar a kwana. Da safe na tare tasi. Direban baƙi ne kamata, ina ta haɗa 'yar Larabcina ta makarantar allo sai ya yi dariya ya ce, "Yi Hausa, ya akhi, ɗan'uwana. Kakana daga Kano ya zo." Na ce ina neman wani tsoho Garba Gola.

Ya ce, "Tsohon nan mai kura?"

Na ce a raina ashe wasa da kura Kawu ya koma yi. Da ya ga fuskata ta canja sai ya kwatanta da hannu, ya shura ƙafa. Ashe a bakinsu ƙwallo ita ce kura. Muka yi dariya har ya kusa hawa kan wani amalanke.

Ya sauke ni a Nuzla. Unguwa ce matsattsiya, lunguna kamar na Fagge, gidajen katako da kwano a jikin na bulo, Hausa na tashi ta ko'ina amma an kwaɓa ta da Larabci. Na daɗe ina tambaya. Wasu suna jin na ambaci sunan mutum sai su yi shiru, suna zaton ko ma'aikacin binciken iƙama ne ni, wato takardar zaman ƙasa. Sai wajen wata hajiya mai sayar da wake da gurasa, Bahaushiyar Sudan, na samu haske. Ta zuba mini wake da man zaitun, ta tsaya tana kallon fuskata.

"Wannan askar taka irin tasa ce," in ji ta. "Me kake nema da shi?"

"Kawuna ne, Hajiya."

"Shekara nawa yana cin wakena, bai taɓa cewa yana da kowa a gida ba." Ta miƙo mini gurasa. "Ya tashi daga nan, ɗansa ya ɗauke shi zuwa unguwar Ammariyya. Je ka bayan masallacin kasuwa, ka nemi mai ɗinkin takalma da kura."

Ammariyya

Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba. Ƙwallayen fata a rataye, tsoho dogo yana zaune da basilla a hannu, ɗan yatsansa na hagu a karkace. Da na ga goshinsa da yadda yake tsuke baki in yana aiki, ban bukaci tambaya ba. Inna ce sak.

Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, na ce daga Malumfashi nake.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ni da kowa a Malumfashi."

"Ni ɗan Rakiya ne, Kawu."

Basillar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙwallon da ke cinyarsa kafin ya ce, "Tana da rai?"

"Tana nan lafiya. Ita ta aiko ni."

"Malam fa? Da Iya?"

Iyayensu yake nufi. Na ce sun rasu da daɗewa. Ya yi musu addu'a a hankali, ya tashi ya sauke ƙyauren shagon alhali ko azahar ba a yi ba, ya kama hannuna muka tafi gida.

A gida na haɗu da ɗansa Usman, mai tuƙa babbar mota a tashar jiragen ruwa. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi magana rabi Larabci ne. Da ya gane ni taubashinsa ne sai ya ce, "Halas, shi ke nan, ka shiga uku, yau ka samu ubangida." Ya je da kansa ya kwaso kayana daga masauki. Aka kawo shinkafa da kifi a faranti ɗaya. Kawu bai ci ba, sai tura mini kifin yake yi.

Wasan

Sai washegari bayan la'asar, muna shan shayi a kan soro, ya buɗe baki. Na rubuta yadda ya faɗa.

"Muna Suwakin, bakin tekun Sudan, muna jiran jirgin ruwa, sai ga saƙo daga wurin aikina. Wai 'yan ƙwallon Masar za su zo Khartum, an zaɓi 'yan wasa daga garuruwa, ni aka zaɓa gola. Malam ya ce ba mu baro gida don tamaula ba. Na ce jirgi bai da ranar tashi, zan je in dawo. Ban jira amsarsa ba.

"Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Mutane a kan itatuwa, Turawan mulki a ƙarƙashin rumfa. Misirawan nan suka fito da riguna iri ɗaya da takalma masu ƙusa, mu kuwa rabinmu ranar suka fara sa takalmi. Kafin mu farga sun ci mu ɗaya. Daga nan sai ruwan ƙwallo a kaina. Na kama, na doke, na faɗi, na tashi. Muka rama kafin hutu, wani ɗan Atbara ya sa da ka. Bayan hutu alƙali ya ba su fanareti. Wanda zai buga ƙato ne, ya dube ni ya yi murmushi. Na lura duk sanda zai buga dama sai ya kalli hagu. Ya kalli hagu, na faɗa dama. A nan wannan yatsan ya karye, amma ƙwallo ba ta shiga ba."

Ya ɗaga yatsan yana dubawa.

"Sun ƙara mana ɗaya dab da tashi, aka tashi biyu da ɗaya. Duk da haka mutane suka shigo fili suka ɗauke ni a kafaɗa. Mutanen da kullum suke ce mini Takari, wato baƙo daga ƙasashen yamma, ranar da sunana suke kira na. Ita ce rana ɗaya a ƙasar Sudan da ba wanda ya tambaye ni daga ina na fito. Na hau jirgin ƙasa ina ɗokin in ba Malam labari. Na iso Suwakin, bakin teku wayam. Wani mai sayar da ruwa ya ce mahaifinka ya bar maka saƙo, ya ce ka bi ƙwallonka."

Ya ce sai da shekara ta zagayo ya samu ƙetarewa, ya neme su a Makka da Jidda bai gan su ba. Yaƙi ya zo hanya ta rufe, ya yi aure, aka haifi yara. Kuma mutumin da uba ya sallama, in ji shi, da wace fuska zai koma?

Na ce, "Kawu, ga saƙon Inna." Na faɗa masa yadda ta faɗa mini. Malam ya yi waccan magana da safe cikin fushi, gaskiya ne. Amma da aka ce a shiga jirgi sai ya zauna a kan yashi ya ƙi tashi, tun hantsi har rana ta karkata, yana kallon hanya, sai da mai jirgin ya rantse zai tafi da iyalinsa ya bar shi. Bayan Hajji sun zauna shekara guda suna jiran sa. Da suka komo Sudan aka ce musu ai bai daɗe da ƙetarewa ba. Saɓani suka yi a teku, kuma ba su da abin sake ƙetarewa. Da Malam zai rasu ya hana a raba gonar bakin rafi, ya ce ta Garba ce. Har yau Inna ke sa a noma ta, ana ajiye hatsin a rumbu dabam, in shekara ta juyo a yi sadaka da shi da sunansa.

Kawu ya juya fuskarsa wajen teku. Usman, da ke zaune tare da mu, ya buɗe baki zai yi tambaya, uban ya ɗaga masa hannu. Da aka kira magariba ya ce, "Usman, gobe ka je wurin kafili."

Takardu

Nan ne na ji tsoro. Kawu ba shi da fasfo, sai iƙama, kuma in ya fita ba da izinin dawowa ba, ya rabu da 'ya'yansa ke nan. Ga hutuna ya kusa ƙarewa. Usman ya ajiye aikinsa ya yi ta zirga-zirga. Kafilin mahaifinsa, wato mai lamunin zamansa a ƙasar, wani dattijon Balarabe a unguwar Aziziyya da ya tsaya masa tun zuwansa, ya sa hannu ba gardama, ya ce a gaida 'yar'uwar Kawu. A ofishin jakadancinmu ma'aikacin ya ce ina shaidar cewa ɗan Nijeriya ne? Kawu ya fara lissafa masa unguwannin Malumfashi da rijiyoyinta da sunan kasuwar kowace rana a ƙauyukan kewaye, da Katsinancin da mu kanmu mun daina yi. Mutumin ya ajiye alƙalami yana saurare, ya ce, "Baba, isa haka. Kakata kaɗai na taɓa ji tana magana irin wannan." Ya ba shi takardar tafiya. Izinin fita da dawowa ya fito ana gobe jirginmu zai tashi.

Jidda zuwa gida

A filin jirgi Usman ya rungume ni ya ce, "Amana ce, ya taubashi. Wata biyu, ka dawo mini da shi." Kawu bai runtsa ba a jirgi. Daga Kano muka ɗauki shatar mota, yana ta tambayar direba sunan kowane ƙauye. Da muka wuce Dayi ya ga gero ya fitar da kai, ya ce a tsaya. Ya sauka ya tsinki ganye ɗaya ya shinshina, ya dawo ya zauna.

Mun isa da la'asar sakaliya. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Na yi sallama, ta amsa, sai ta ga wanda ke bayana. Rariyar ta zame daga hannunta. Suka tsaya suna kallon juna, tsoho da tsohuwa, ba mai motsi. Ta ce, "Yaya." Ya ce, "Rakiya, kin tsufa." Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi, shi ma ya tsuguna a gabanta.

Da kukan ya lafa, maƙwabta sun cika gida, an kawo masa fura, sai ta share ido ta ce, "To Yaya, wasan nan da ka tafi, kun dai ci?"

Ya ce, "Cinye mu aka yi, biyu da ɗaya."

Ta dube shi ta ce, "Ashe ma ba ku ci ba."

Dariya ta kama ta har da riƙe ciki, shi ma ya kama, gida duka ya ɗauka. Rabon da in ji Inna ta yi dariya irin wannan tun ina yaro.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya haɗa ni da abin da na je nema. Na gode wa direban tasi da hajiya mai wake a Nuzla, waɗanda ko sunayensu ban tambaya ba, da taubashina Usman da ya ba mu aron mahaifinsa. Kawu yana nan ɗakin da ke kusa da zaure. Gobe da safe zan raka shi ya ga gonarsa.