Layin da Na Bari Ya Wuce

Akwai kuskuren da mutum zai yi ya manta kafin sati, akwai kuma wanda zai bi shi har kabari. Nawa na biyun ne, ba kuwa zan taɓa mantawa da shi ba.

A lokacin ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya da ta haɗa wa manoman yankinmu na Bagudo mataimaki mai basirar na'ura a waya. Manomi zai yi tambaya da baki, shi kuma mataimakin ya zaɓi ɗaya daga cikin kayan aikinsa ya nemo amsa. Akwai na duba yanayi, akwai na cututtukan shuka, da sauransu. Abin lura shi ne, mataimakin ba ya leƙa cikin kayan aikin. Ɗan bayanin da aka rubuta a kan kowanne kawai yake karantawa, da shi yake yanke wanda zai ɗauka. Aikina shi ne in duba waɗannan bayanai in ce sun yi ko ba su yi ba. Ni kuwa a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni ido.

Wata rana aka turo mini bayanai guda biyu. Na farko ya ce: yana faɗin ko akwai haɗarin ambaliya a gari. Na biyu ya ce: yana ba da ma'aunin ruwa na tasha. Na karanta, na ga gajeru ne tsaf, babu kwashe-kwashe, na buga musu lamba mai kyau na wuce. Na san sarai cewa na farkon hasashen ruwan sama kaɗai yake dubawa, na biyun kuma shi ne mai auna kogi can sama, wajen iyakar Benin. Sai dai saboda na sani, ban lura cewa ba a rubuta ba. Kaina ne ya cike giɓin ba tare da ya yi mini sallama ba.

Duk ɗan bakin kogi ya san baƙin ruwa, wato cikar kogin da ke tasowa lokacin sanyi bayan damina ta ɗauke, babu ko ɗigon ruwan sama. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana noman shinkafa a fadama. Al'adarsa in ya yanke, sai ya gangara mashaya ya tare masu jirgin ruwan da suka sauko daga saman kogi ya tambaye su yadda suka baro ruwa. Da amsarsu yake sanin ko ya bar damin ya sha rana ko ya kwashe. A shekarar nan ni na hana shi. Na cika masa kunne da cewa zamani ya wuce tsayuwa bakin kogi, na sa masa manhajar da hannuna.

Ya tambaye ta ko zai iya barin shinkafarsa kwana uku a gona. Mataimakin ya karanta bayanan nan biyu, ya ga kalmar ambaliya a na farko, ya ɗauke shi. Sama garau take, don haka ya ce babu haɗari.

Ranar ta uku da hantsi aka kira ni. Na hau mashin na tafi, na iske fadamar ta zama tafki. Kawu na cikin ruwa har ƙugu, shi da maƙwabtansa suna loda dami a jirgi. Wanda suka ceto bai kai rabi ba, sauran ya jiƙe ya nutse cikin laka, abincin gidansa na shekara ke nan. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Da ya fito ya matse bakin rigarsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga abu naka mi ya sani game da kogi?"

Na ce, "Kawu, ya san abin da aka rubuta masa ne kawai."

"To wa ad da alhakin duba rubutun?"

Na sunkuyar da kai na ce ni ne.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Shi baƙo na, bai taɓa shan ruwan kogin ga ba, ban ga laifinai ba. Kai fa da anka yi ma wanka da shi tun kana jariri?"

Washegari na mayar da bayanan biyu aka sake su. Na farko yanzu ya faɗi ƙarara cewa ruwan sama kaɗai yake dubawa, kada a dogara da shi kan tashin kogi. Na biyu ya faɗi inda yake aunawa, da cewa shi za a tambaya in manomin fadama na son sanin ko ruwa na tafe. Gyaran bai ɗauki minti goma ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai.

Tun daga ranar, in bayani ya zo gabana ba na tambayar ko ni na gane shi. Ajiye abin da na sani nake yi gefe, in karanta shi a matsayin baƙon da bai taɓa ganin kogi ba, in nemi abin da kayan aikin ba ya yi kafin abin da yake yi. Na koyi cewa abin da kowa ya sani shi ne aka fi mantawa a rubuta, kuma shi ne ke cinye shinkafar mutane. Kawu ya koma tarar masu jirgi a mashaya, ni kuwa ban sake buɗe baki na hana shi ba.