Diskin da Ƙanena Ya Aiko Daga Maroko

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce. A Maradi akwai gidajen da ba su yarda namiji ya shiga cikin mata da kamera ranar kamu ko wuni ba, to a nan na samu abincina. In ɗauko hotuna, in dawo ɗakina a Sabon Gari, in zauna gaban kwamfuta in yanka in haɗa, abin da muke ce wa montaj. Wanda ya koya mini montaj ɗin ɗan goggona ne, taubashina, mai gyaran kwamfuta a wani ɗan shago kusa da gidanmu. Tun muna yara a Jiratawa, muna tsinkar ganyen zogale a garkar kakanmu, nake ce masa bawana, shi kuma ya ce mini uwar ɗakina, sannan ya kwashe rabin ganyen da na tara ya zura da gudu. Da muka girma, shi ya haɗa mini kwamfutar da nake aiki da ita. Ban taɓa buɗe cikinta ba. In ta yi tari, bawana nake kira.

Kwamfutar tana da tsohon diski mai juyi, irin wanda ake jin ƙararsa. In na zuba hotunan biki ɗaya, sai in tashi in ɗora tukunya, in wanke kwanoni, in dawo in tarar bai gama ba. Uwayen amare su yi ta bugo waya suna tambayar fim ɗinsu, ni kuma ina ba su haƙuri.

Ƙanena yana karatu a Maroko. Shi ya gaji da jin kukana, ya riƙa tsimi daga ɗan abin da ake ba su na karatu har ya sayo mini diski irin na zamani, SSD, ya ba wani abokinsa da ya zo hutu ya kawo mini. Da na buɗe kwalin sai na yi dariya. Abin bai fi tsawon yatsana ba, siriri, an lulluɓe bayansa da wani baƙin ƙarfe mai tsaga-tsaga kamar matajin kai. Na kira ƙanen nawa na ce, “Wannan ɗan abin ne ka hana kanka cin nama dominsa?”

Ya ce, “Yaya, ki dai gani. Abin da ke ɗauke miki wuni guda, kafin ki sha ruwa ya gama. Amma ki kula da wannan ƙarfen na bayansa, kada a cire. Shi ke janye zafi. Irin waɗannan, in sun yi zafi da kansu suke rage gudu don kada su ƙone, ga shi kuma zafin Maradi ba wasa ba ne.”

Washegari na ɗauki akwatin kwamfutar a bayan kabu-kabu na kai shagon taubashina, na miƙa masa kwalin. Ya daɗe yana juya diskin a hannunsa. Ya ce, “Uwar ɗakina, kin san abin da kike riƙe da shi kuwa? Ko manyan sitidiyo na garin nan ba su da irinsa.” Ya ce in bar masa kwamfutar ta kwana, don sai ya kwashe kayana daga tsohon diskin. Na bar masa, har na sayo masa ƙosai da kunu a kan hanya na aika masa.

Da na karɓo ta, lallai ta canja. Tana tashi nan take, babu ƙara. Na zuba ƴan ƙananan hotuna suka wuce kamar ƙiftawar ido. Na kira ƙanena na sa masa albarka.

Matsalar ba ta fito ba sai da na zuba babban biki. Ya fara da gudu, layin nan na kan allo yana cika, can sai ya ja ya tsaya, ya koma rarrafe, har ya fi tsohon diskin jinkiri. Lokacin bazara ta shigo, kwanon ɗakina yana tururi tun hantsi. Na gaya wa taubashina. Ya ce zafi ne. Na juya fankata ta daina kallona ta koma kallon kwamfuta, ni ina zufa ita tana shan iska. Na koma masa, ya ce kuran ne, wato wutar lantarki, ba shi da ƙarfi. Na sayi abin daidaita wuta. Na sake komawa, ya ce ni ce nake ɗora mata kaya fiye da ƙima. Har ƙanƙara na riƙa saye ina zubawa a roba, in ajiye gaban fankar don iskar ta yi sanyi. Maƙwabciyata ta leƙo wata rana ta ce ko mai jego ba ta samun irin wannan gata.

Ban gaya wa ƙanena ba. Ina jin kunyar in ce masa abin da ya sha wahala ya saya bai yi abin da ya ce ba.

A cikin wannan bazarar ne malamina na firamare ya aiko a kira ni. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa malaman boko a nan, har yau kuma haka nake kiransa. Kirista ne, mutumin Tsibiri, shi ya koya mini riƙon alli, shi ne kuma ya je har gida ya roƙi babana a bar ni in ci gaba da karatu. Zai aurar da autarsa, ya ce ba wanda zai ɗauki bikin sai ɗiyarsa, wato ni. Ban taɓa shiga majami'a da kamera ba, amma na je tun da safe. Mata sun yi anko, ƴan mawaƙa suna kaɗa tulu, amarya ta shigo cikin farar riga kanta a sunkuye don kunya. Bayan an gama ɗaurin aure, sai Mushe ya miƙe, ya kamo hannun matarsa ya kawo ta gaban jama'a. Ya ce za su rera wa yaran waƙar da aka rera musu ranar nasu auren. Matar tana ta noƙewa, tana rufe baki da gefen gyale. Da ya fara sai ta bi shi. Muryarsa ta tsufa, tata kuwa siririya ce, tana rawa. Faston ya riga ya roƙi mutane su ajiye wayoyinsu a cikin majami'a tunda ga mai kamera an kawo, saboda haka ni kaɗai na ɗauka. Ina ɗauka ina share ido da kafaɗata.

Na dawo gida na zuba komai a sabon diskin. Kashegari ina da suna a Jiratawa, ga katunan kamerata sun cika. Na bugo wa taubashina na tambaye shi ko in jira in sami wani wurin ajiya kafin in goge katunan. Ya ce, “Goge abinki. Irin wannan diskin ba ya mutuwa, ba shi da abin da ke juyi a ciki.” Na goge, na tafi suna, na cika katunan da hotunan jariri da ragon suna.

Da na zauna yin montaj ɗin bikin Tsibiri, rana ta take, kwamfutar ta daskare a daidai shigowar amarya. Na kashe na kunna. Allo ya yi baƙi, ya rubuto cewa bai ga diski ba. Na sake, na sake. Na ɗauke ta a guje na kai shagon. Taubashina ya duba ba tare da ya bari na ga cikinta ba, ya ce diskin ya ƙone, ƙaddara ce, kayan Turawa ba su jure zafinmu.

Dole na kira ƙanena. Ya ce diskin yana da garanti, in ciro shi in ɗauki hotonsa in tura masa. Ranar na fara kwance kwamfuta da hannuna, da ɗan sukurdireban da nake ɗaure ƙafar kamera da shi. Na haska da fitilar waya na nemo wurin. Wani ɗan koren diski ne a maƙale, tsirara, babu baƙin ƙarfe, takardar da aka manna masa ta tashi ta gefe ɗaya ta yi ruwan ƙasa don zafi. Na tura hoton.

Nan da nan ya kira. “Yaya, wannan ba shi ne na aiko ba.”

Na ce ko dai ƙarfen kawai aka cire.

Ya ce, “A'a. Wannan na jabu ne, irin wanda ake saye a kwali-kwali. Yakan yi gudu na ɗan lokaci don ya ruɗi mutum, in aiki ya yi nauyi ya durƙushe. Wa ya sa miki?”

Ya san amsar.

Na tafi shagon da ɗan koren diskin a tafin hannuna. Na tarar da shi yana cin gyaɗa yana sauraron rediyo. Na ajiye masa a kan tebur na ce, “Ina nawa?”

Ya dube shi, ya dube ni, sai ya yi dariya. Wannan dariyar ce har yau ba ta bar kunnena ba.

“Haba uwar ɗakina. Bawa ai yakan ɗan taɓa kayan uwar ɗakinsa.”

Na ce, “Ba wasa na zo yi ba. Ina yake?”

Ya share hannunsa a wando. Ya ce wani ɗan alhaji ne ya kawo a haɗa masa kwamfutar wasanni, ya nemi irin wannan diskin an rasa a duk garin, shi kuma ga shi a hannunsa. Ya ce da niyyarsa in kaya sun zo ya mayar mini da irinsa ban ma sani ba. Sannan ya ƙara da abin da ya fi komai yi mini ciwo. “Ke da aikin biki kike yi, mi za ki yi da wannan gudun duka? Na ga wanda na sa miki ma ya ishe ki.”

Na ce, “Ka ga ina sayen ƙanƙara ina sa wa fanka. Ka ga ina zufa. Na tambaye ka in goge katuna, ka ce in goge.”

Ya ce bai zaci zai mutu da wuri haka ba.

Na juya na fita. Yana kirana da sunan wasa har na sha kwana.

Na yi zaton goggo za ta tsaya mini, don a ɗakinta na yi rabin ƙuruciyata. Na same ta a Jiratawa tana shanya ganye a tabarma. Ta saurare ni har na gama, ta ce, “Ɗiyata, a kan ɗan ƙarfe za ki tona wa ɗan'uwanki asiri? Ai abokin wasanki ne. Kada babanki ya ji, zumunci ya ɓaci.” Na ce ba ƙarfen ba ne, goggo, bikin ɗiyar mutane ne a ciki. Ta ce a ba su haƙuri, ai auren ya ɗauru. Ta ƙulla mini zogale a leda ta ce in kai gida. Na karɓa, don ban san yadda ake ƙin karɓar abu daga hannunta ba.

Na kai koren diskin wurin masu gyara a nan Maradi, na aika da shi Yamai, aka dawo mini da shi. Ba abin da ya fito. Katunan ma an gwada, hotunan suna sun hau kan na bikin.

Zuwa Tsibiri shi ya fi mini wuya. Na sami Mushe a ƙofar gida yana gyaran kalmensa na noma, damina ta kusa. Na durƙusa na gaya masa bikin ya salwanta a hannuna. Ban ambaci taubashina ba. Ya ajiye kalmen.

“Har da waƙar?”

Na ce har da ita, Mushe.

Ya gyaɗa kai. “Tashi, ɗiyata. Ni zan gaya wa mamarku da kaina.”

Na bi gidajen danginsu ɗaya bayan ɗaya, a Tsibiri da cikin Maradi, ina roƙon abin da kowa ya ɗauka da wayarsa a wurin cin abinci da rakiyar amarya. Wasu hotunan a karkace, wasu duk ƙura da hayaniya. Na haɗa su a tsohon diskina mai ƙara, wanda na karɓo daga shagon ta hannun maƙwabciyata. Fim ya fito, amarya ta yi godiya, amma daga cikin majami'a babu ko ɗaya. Na roƙi Mushe su sake rera waƙar in ɗauka a tsakar gida. Shi ya yarda. Matarsa ta ce a'a, ranar ma don autarta ta daure, ba za ta iya sakewa ba.

Bayan ƴan watanni taubashina ya aiko mini da wani diski a kwali, mai ƙarfe a baya. Ban sani ba ko na gaske ne. Na mayar masa ban buɗe ba. Na tara na sayi nawa, ƙanena yana nuna mini ta waya inda zan sa da yadda zan ɗaure, kuma yanzu ba na goge kati sai aiki ya kwana a wuri biyu.

Muna haɗuwa da shi a sabgogin dangi. Bara a wani suna a Jiratawa ya zo wucewa ina saita kamera, ya ce, “Uwar ɗakina, a ɗauki bawa mana.” Mata suka yi dariya suna jiran in rama kamar yadda muka saba. Na gaishe shi da cikakken sunansa, na tambayi iyalinsa, na ce ya ɗan matsa yana tare mini haske.