Ban Ruwa da Rana Tsaka

Tun ina yarinya a Makera na san ba a ba tumatir ruwa da rana tsaka. Da sanyin safiya ake yi, ko bayan la'asar. Haka mahaifina ya yi, haka maigidana ya yi a lambunmu na bakin dam ɗin Zobe har Allah ya karɓi abinsa. Cewa ake ruwan tsakar rana dafa saiwa yake, ban kuma taɓa ganin wanda ya gwada ba.

Shekarar da fetur ya gagari mutane, ɗana na biyu ya sayar da injin ban ruwan ubansa, ya sayo na sola a Dutsin-Ma. Sai da aka kafa farantan da ke zuƙar hasken rana sannan ya faɗa mani. Wai ba mai, ba hayaƙi, wai hayaƙin injuna na cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi yana rikita damina. Na ce damina kam ta rikice, na gani da idona, amma ni dashen da aka yi shekaranjiya ne a gabana. Wannan tumatir shi zai riƙe gidan har kaka.

Washegari na bi shi lambun da sassafe. Ya kunna, ruwan da ya ɗigo bai cika buta ba. Da yamma ma haka. Sai rana ta take ruwa ke zuwa da ƙarfi, daidai lokacin da ba a ban ruwa. Kwanaki muna haka, dashe ya fara kwanciya.

Maƙwabcin lambunmu, wani dattijo mutumin Barkiya, ya leƙo ta kan shinge.

"Hajiya, injin ɗanki ma'aikacin gwamnati ne? Sai hantsi ya fito, kafin la'asar ya tashi."

"Naka fa, Malam? Ranar da ba mai, ai kwana yake wuni yi."

Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Da azahar ɗana ya tsaya riƙe da tiyo, ya kasa dubana.

"Inna, in saki ko in bari?"

Na ce ya raba lambun biyu. Ya saki a fangalan ƙasa, ta gindi, kada ruwa ya taɓa ganye. Na sama a bar su sai yamma, a bi su da bokiti iya ƙarfinmu. In ɗaya ya dahu, ɗaya ya tsira. Na tsuguna ina tura yatsa cikin laka, ina jin ɗuminta.

Da gari ya waye na ƙasa sun miƙe. Na sama, bokiti bai ishe su ba, rabi ya bushe cikin satin. Muka bi kasuwar Kurfi neman wani dashen, lokaci ya riga ya ja, muka karɓi ragowar da masu lambu suka tsince suka bari. Da azahar ɗana ya shayar da shi, ina tsaye a kansa, ban koma gida ba sai da ƙasa ta huce.