Baƙin da Na Kankare

Shekara uku na yi ina kula da wani tsohon likita, Bakano, a unguwar Parkchester, nan ƙasar Turawa. Idonsa ya riga ya tafi. Ni ke masa wanka, ni ke dama masa kunu, shi kuwa aikinsa tsokana. Tun da ya ji gidanmu a Damagaram maƙera ne, ya daina kiran sunana, sai Sarkin Maƙera.

Yana da wani akwatin katako, ciki ƙarafa goma sha biyu, kowanne faɗin tafin hannu, da huda a tsakiya. Ya ce na takubban Japan ne na dā, su ke tare hannu kada ya zame kan kaifi. Bayan azahar yakan shafa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi daɗewa a hannunsa mai zanen zalɓe ne a cikin ciyawa. Hajiya, marigayiya matarsa, ita ta saya masa.

Ni baƙi kawai na gani ya rufe su. A gidanmu, ƙarfe ya yi haka, abin kunya ne ga maƙeri. Mahaifina da toka da yashi yake dirzawa, ya bi da man gyaɗa. Akwai 'yar takarda manne a cikin murfin, amma lokacin ban iya karatu ba.

Ranar da 'yarsa ta kai shi asibiti, na ɗauko mai zalɓen, na sa lemun tsami da soson ƙarfe. Na dirje shi har ya yi fari kamar cokali. Da ya dawo na ɗora masa a hannu ina murmushi.

Ya shafa, ya juya, ya kai hanci.

"Sarkin Maƙera, me ka yi masa?"

"Wanke shi na yi, Baba. Yanzu har fuska ake gani."

"Ni da ba ido, fuskar wa zan gani?" Ya fara dariya, ta tsaya masa. "Baƙin nan shi ake nema. Tun kafin kakanka yake taruwa. Hannun Hajiya ma yana ciki."

Bai kore ni ba, bai kuma gaya wa 'yarsa ba. Amma har ya rasu, goma sha ɗaya yake shafawa. In yatsunsa suka zo kan mai zalɓen, sai su tsallake.

Ya bar wasiyya a ba ni shi, na roƙi 'yarsa ta haɗa mini da takardar. Bara, a ajinmu na koyon karatu na manya a unguwar Morris Heights, na haɗa haruffan da kaina. Hausa ce ma, rubutun Hajiya: don Allah kar a goge.

Ƙarfen yana naɗe a tsumma cikin jakata. Har yau fari ne.