Layi na Uku a Littafin Mai Kunne

Kakana, mahaifin Mama, saita fiyano ne aikinsa. Shekara arba'in da ɗaya yana bin makarantu da otal-otal da jakar fata, sifana ɗaya a ciki da littafi ɗaya. A waje Mai Kunne ake ce masa, a gida Baba Tsoho. Ni kuma yana ce min Sakatariya, don komai aka faɗa a gidanmu sai na rubuta.

Littafin nan kowane shafi layi biyu ya ja masa. Ya koya min cewa tsakanin maɓallin fiyano da maƙwabcinsa taki ɗari ne. Akwai wani tsalle da murya ke yi a kusan kowace waƙa: in ta yi taki ɗari uku, ƙarami ne, in ta yi ɗari huɗu, babba ne. Yana ɗaga ƙafa a ashirin sama ko ashirin ƙasa. Abin da ya wuce haka sunansa kuskure. Har kukan ƙofar kicin ɗinmu yana ciki, a layin ƙarami, da kwanan wata.

Matarsa, Iya, tana da waƙa ɗaya marar kalmomi da take yi in tana guga. Tsallenta na biyu a ɗari uku da hamsin yake sauka, tsakiyar layin nan biyu cif.

"Kin sake faɗawa rami," in ji shi daga bayan jarida. "Ki hau ko ki sauka."

"Ni fiyano ce? Je ka ɗaure wayoyinka, ka bar min maƙogwarona."

"Hamsin fa kika rage."

"Kai ma maɓalli ɗaya ka rage a rigar nan, ban kai ƙararka ko'ina ba."

Haka suka yi shekara arba'in. Iya ta rasu ina aji biyar a sakandare. A shekarar likita ya ce kunnen Baba Tsoho na hagu ya mutu, na dama kuma in ya daɗe ya kai baɗi.

"Na sani," ya ce wa likitan. "Tun bara na daina jin fankarka, kuma dama ba a saite take ba."

Wata Asabar da safe ya kira ni falo.

"Sakatariya, yi min waƙar gugar nan."

Na yi.

"Babba kika yi. Wa ya koya miki haka?"

"Kai ne, Baba Tsoho. Da rula."

Ya kira Mama. Ta yi ƙarami. Ita ma shi ya gyara ta tun tana ƙarama. Duk wanda ya ɗauki waƙar a gidan, ya zaunar da shi gaban fiyano ya tura shi layi. Ba wanda ya taɓa ɗaukar muryar Iya a waya, tunda an ce kuskure ce. Sautin bai rage a ko'ina ba sai cikin kunne ɗaya, shi ma yana kan rufewa.

Baba Tsoho ya buɗe murfin tsohon fiyanonmu, ya ɗauko sifana. Ina danna maɓalli, yana sassauta waya, kunnen dama manne da katako. Mutumin da ke gama fiyanon makaranta kafin a tashi tara, kwana uku ya yi a kan maɓalli ɗaya.

A rana ta uku ya buga waƙar daga farko. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya bakin ƙofa.

"Wa ya bar dutsen guga a kunne?" ta ce. Sai ta juya ta koma, ba ta fito ba har azahar.

Wata biyu ya sa ni gaban maɓallin nan kullum, da rular dai, har muryata ta koyi tsayawa inda ya hana ta tsayawa. Sannan ya ja layi na uku a littafin. Bai rubuta matsakaici ba. Ya rubuta "Nata, ɗari uku da hamsin." Na tambaye shi nawa zai ɗaga ƙafa a wannan.

"Ko ɗaya. Shekara arba'in ina aunawa, ba ta taɓa gocewa ba."

Yanzu ba ya jin komai. Bara wani mai saita fiyano ya zo da na'urar awo, ya ce akwai maɓalli ɗaya da ya zame, minti biyar zai gyara.

"Anti, hamsin fa ya rage."

"Mun sani," na ce. Na rufe murfin, na ba shi ruwa.

Ni ke guga ranar Asabar. Baba Tsoho yakan jawo kujera kusa, ya dafa wuyana da yatsa biyu in na zo tsalle na biyu.

"Kin faɗa rami?" yakan tambaya.

Sai na gyaɗa kai, ya koma kan jaridarsa.