Irin da Kawu Ya Ɓoye a Gwangwanin Madara

Kawuna mai yankan gilashi ne. Tun yana saurayi yake sa wa mutane gilashin taga da na shago, kuma guntun da ya rage ba ya yarwa. Sai ya haɗa guda biyar da gam su zama akwati, ya cika da ruwa, ya zuba kifi. Da na koma gidansa da zama na ƙirga akwatunan: tara a falo, biyu a baranda, ɗaya a kan firij, wanda matarsa Inna ta ce ranar da ya faɗo za a san mai gidan. Saboda wannan ƙirge-ƙirgen nawa ya sa mini suna Akawu. Kawu da Akawu, haka ake kiranmu a layinmu.

Da farko na ɗauka kiwo yake yi, har na fara tunanin inda za mu kai su. Amma babban cikinsu bai wuce ɗan yatsa ba.

"Kawu, yaushe za su girma?"

"Sun gama girma."

"To me ake yi da su?"

"Kallo."

"Sai kuma me?"

"Sai a sake kallo."

Duk ƙarshen mako shi da abokansa biyu, Mai Kemis da Direba, sukan tafi bakin kogi da bokitai da komar da suka ɗinka da tsohon gidan sauro. Na bi su sau da yawa, kuma har yau ban gane tsarin ba. In babban kifi ya faɗa komar sai su mayar da shi ruwa. In wani ɗan mitsitsi ne mai ɗigo a wutsiya, sai ka ga dattawa uku sun haɗa kai a kan kwalba suna gardama. Wani masunci ya taɓa tsayawa yana kallonsu, can tausayi ya kama shi, ya miƙa wa Kawu tarwaɗa guda ya ce a kai wa iyali.

A cikin duk kifayen da ya tara akwai wanda ya fi shiga ransa, kuma ba a kogi ya same shi ba. Wani kududdufi ne a gefen tsohuwar hanya, da damina ya cika, da rani ya bushe ƙaf har ƙasar ta tsattsage. Babu rafin da ke shiga cikinsa, amma duk shekara sai an ga kifi. Direba ya rantse daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Mai Kemis ya ce tsuntsaye ne ke kawo su. Kawu ya ce a cikin laka suke binne ƙwansu, iyayen su mutu, ƙwan ya kwanta a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Ni dai dukansu ukun ban yarda da su ba.

Kawu ya kamo shida. Mazan jajaye ne wur, da shuɗi-shuɗi a gefe kamar an yayyafa musu fenti. Ba a daɗe ba aka kawo manyan motoci aka cike kududdufin, aka kafa gidan mai a wurin. Kawu ya je ya tsaya a bakin titi, ya dawo gida. Ya sa kofin laka a akwatin jajayen, suka yi ta nutsewa a ciki. Daga baya ya ɗauke lakar, ya shanya ta a inuwa, ya zuba a gwangwanin madara ya ɗora kan kwaba. Kifayen kuwa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, don dama ba sa zagayo shekara. Akwatin ya zama fanko, amma kullum sai ya goge gilashinsa.

Inna ta ga gwangwanin ta tambaye shi.

"Malam, mene ne wannan kuma?"

"Iri ne. Kada a taɓa."

"Irin me?"

"Irin ja. Sai damina."

Bai gaya mata na kifi ne ba, don ta riga ta rantse in aka sake shigo mata da kifi ko ɗaya, ita za ta fita. Ni ina wurin, kuma a lokacin ban ga wani abu a maganar ba.

Da ruwa ya sauka sosai, Kawu ya yi shiri kamar mai jiran baƙo. Ya tari ruwan sama a bokiti, ya wanke akwatin, ya kira abokansa. Direba ya zo musamman don ya ga an kunyata Kawu. Aka sauko da gwangwanin, aka buɗe. Maɓallan riga ne a ciki, da allura, da zare.

Kawu ya leƙa, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya zazzage maɓallan a kan tebur yana tonawa da yatsa.

"Akawu, gwangwani nawa ne a kan kwabar nan?"

"Ɗaya ne, Kawu."

"Sake dubawa."

Na hau kujera na duba. Ɗaya ne.

Ya ƙwala wa Inna kira da wata murya da ban san yana da ita ba. Ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Ina ƙasar da ke cikin nan?"

"Irin? Ai na shuka."

"Kin me?"

"Na shuka mana. Kai ka ce iri ne, ka ce sai damina. Damina ta zo kana ta yawon kogi. Shekaranjiya na juye shi a tsohon baho a bayan gida. Kuma bari in gaya maka, an cuce ka, ko tsiro ɗaya bai fito ba."

"Tumatir kika ɗauka?"

"To ja ka ce! Me ke ja in ba tumatir ba? Barkono ne?"

Mai Kemis ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Kawu ya zauna a hannun kujera, ya ce a hankali, "Ƙwan kifi ne. Babu sauransu a ko'ina."

Inna ta dube shi, ta dube ni, kamar tana neman wanda zai ce wasa ne.

"Kifi a ƙasa? Malam, lafiyarka kuwa?" Sai kuma ta dafe ƙirji. "Wayyo. Ruwan jiya ya cika bahon, duk tsutsar sauro ce a ciki. Na fara zubarwa ka kira ni."

Ban taɓa ganin Kawu yana gudu ba sai ranar. Muka bi shi a jere ta kicin. Bahon na nan an jingina shi da bango a karkace, rabin ruwan ya riga ya bi kwata. A sauran da ya rage wasu 'yan abubuwa kamar gashin ido suna ta wutsil-wutsil.

"Sauro ne," in ji Direba.

"Sauro ba ya ƙyanƙyashewa da wuri haka," in ji Mai Kemis. "Ko yana yi?"

Babu wanda ya sani. Kawu ya ce a kawo kofin gilashi. Ya ɗebo a hankali ya ɗaga sama wajen haske, muka kewaye shi mu huɗu. Tsutsar sauro lanƙwashewa take yi tana miƙewa. Waɗannan a miƙe suke tafiya, kuma kowanne da idanu biyu manya, sun fi ƙarfin jikinsa.

"Suna kallona," in ji Inna.

Direba ya ce wannan ai ya tabbatar da maganarsa, tunda jiya aka yi ruwa kuma bahon a waje yake. Aka dasa sabuwar gardama. Kawu bai shiga ba. Ya durƙusa a bakin kwatar yana duba inda ruwan ya bi, ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Akawu, ƙirga mini na bahon."

Na ƙirga, talatin da ɗaya. Na sake, ashirin da bakwai. Na uku ya ba ni talatin da huɗu. Na ce masa ba sa tsayawa.

Ya miƙe zai ɗauki bahon ya kai falo, Inna ta riƙe ɗaya gefen.

"Ina za ka kai mini?"

"Akwatinsu."

"Wata nawa suna hannunka, ko motsi sun yi? Ni na shuka, ni na ba su ruwa. A nan za su zauna."

Da ƙyar aka sasanta. Rabi suka tafi akwatin gilashi, rabi suka zauna a baho, ta rufe shi da komar Kawu saboda tsuntsaye. Da suka ɗan tasa, a bahonta aka fara ganin mai jar wutsiya. Kawu ya tsuguna yana kallonsa har shayinsa ya huce.

Yanzu kofin laka biyu ne a gidan, ɗaya a akwati ɗaya a baho. Jiya maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambayi Inna me ta shuka a bahon. Ta ce mata kifi, kuma in ta yi haƙuri har rani za ta sam mata iri.